Igiya da Tsummoki

Muna gaishe ku da kuke gida tare da iyali, da ku da kuke kwance a asibiti, da ku kuma 'yan'uwa da wannan magana za ta iske ku a gidan yari. Yau zancenmu a kanku yake, da kuma a kan abin da ya wajaba mu da muke waje mu yi muku.

Karatunmu yana cikin littafin annabi Irmiya, sura 38, daga aya 1 zuwa 13. Muna roƙo kowa ya buɗe wurin ya karanta da kansa in an gama shirin. A nan za mu ba da labarin ne a taƙaice.

Kusan shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka kewaye Urushalima da yaƙi. Annabi Irmiya ya yi ta faɗa wa jama'a cewa birnin zai faɗi. Waɗansu hakimai huɗu suka ji haushi, suka ce yana kashe wa mayaƙa jiki. Sarki Zadakiya kuwa mutum ne mai tsoron fadawansa, sai ya sakar musu shi. Suka zura Irmiya da igiya cikin wata rijiya a farfajiyar masu tsaro. Ba ruwa a rijiyar, sai laka, annabin Allah kuwa ya nutse a cikin lakar. Ba su yanka shi ba, ba su jefe shi ba. Sun dai ajiye shi inda ido ba ya gani, domin yunwa ta ƙarasa musu aikin.

A fadar akwai wani bafade baƙo, mutumin ƙasar Kush, wato kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Ana kiransa Ebed-melek, ma'anar sunan kuwa bawan sarki. Da ya ji labari bai tsaya yin gunaguni a zaure ba. Ya tafi Ƙofar Biliyaminu inda sarki yake zaune, ya faɗa masa a gaban mutane cewa abin da aka yi wa annabin mugunta ce, zai kuwa mutu a can. Sarki ya ba shi izini da mutane, ya ce a je a fito da shi.

To, ga inda muke so mu tsaya yau. Mai gaggawa da ya sami izinin sarki, da sai ya ɗauki igiya ya ruga bakin rijiya. Ebed-melek bai yi haka ba. Ya fara biyawa ta ɗakin ajiya na fada, ya tattaro tsummoki da tsofaffin riguna, ya zura wa Irmiya su tukuna. Ya leƙa ya yi masa magana, ya ce ya sa tsummokin a hammatarsa, ƙarƙashin igiyar. Sa'an nan suka ja shi. Bafaden nan ya yi tunanin cewa mutumin da yunwa ta rame shi, laka kuma ta riƙe shi, in aka ja shi da tsurar igiya za ta yayyanka masa jiki. Ya so ya fito da shi, ya kuma so ya fito ba tare da sabon rauni ba.

'Yan'uwa, ɗan kurkuku yana bukatar igiya, yana kuma bukatar tsummoki. Igiya ita ce lauya, da beli, da biyan tara, da hukuncin alƙali, da takardar saki. Waɗannan manyan abubuwa ne, ba kowa ke da ikonsu ba. Tsummoki kuwa su ne ziyara, da kunnen da zai saurara, da wasiƙa, da kiran mutum da sunansa, da labarin 'ya'yansa. Ba wanda ya rasa tsumma a ɗakinsa. Duk da haka, a nan ne muka fi kasawa.

Bari mu faɗi gaskiya a kanmu. Idan ɗan ikkilisiya ya kwanta asibiti, akan sanar daga bagade, zumuntar mata ta dafa abinci, matasa su je su yi waƙa. Idan kuwa aka kama ɗan ikkilisiya, sai mu yi tsit. Sunansa ba ya shiga addu'ar Lahadi. Mahaifiyarsa takan koma bencin baya, ta fita tun kafin a sa albarka, don kada a tambaye ta. Matarsa takan daina zuwa taron mata. Mukan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, mu shafa hannu mu wuce. Amma Hausawan da suka yi wannan karin magana su ne kuma suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mu tuna kuma ba duk wanda yake gidan yari ne aka tabbatar wa laifi ba. A Nijeriya, bisa lissafin hukumar gidajen yarin kanta a shekarun nan, wajen biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Wanda aka yanke wa shekara biyar yana iya ƙirga kwanakinsa. Mai jiran shari'a ba shi da abin ƙirgawa. A kai shi kotu, a ɗaga, a maido shi, a sake ɗagawa. Wannan rashin sanin ranar fita yana cin zuciya fiye da yadda gabza ke cin jiki.

Me ke damun mutum a can ciki in dare ya yi? Akwai kunya. Akwai tunanin wanda ya cuta, ga wanda ya yi laifin da gaske. Akwai fushi, ga wanda aka yi wa ƙazafi. Akwai tambayar ko matarsa za ta jira, ko an kori yaran daga makaranta, ko tsohuwarsa tana da rai. Ɗaki cike yake da mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ba wanda zai buɗe wa cikinsa, gama a wurin nan mai kuka yakan zama abin dariya. Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya yi shekara 27 a ɗaure. A farkon zamansa a tsibirin Robben, ziyara ɗaya da wasiƙa ɗaya aka yarda masa cikin wata shida. Mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969, ba a bar shi ya je jana'izar ko ɗaya ba. Shi ya sa a 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta ƙa'idodin kula da fursunoni, ta sa musu sunansa. Cikin ƙa'idodin akwai cewa a bar ɗan kurkuku ya riƙa saduwa da iyalinsa da abokansa ta wasiƙa da ziyara, kada kuma a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Masu mulkin duniya ma sun gane kaɗaici azaba ce.

Yanzu bari mu ba ku misalin waɗansu da suka ɗauki aikin tsummokin nan da gaske. A shekara ta 1953 wani limamin Anglikan a Landan, mai suna Chad Varah, ya ba da lambar wayar cocinsa domin duk wanda baƙin ciki ya kai shi tunanin kashe kansa ya kira. Mutane suka yi ta zuwa, har suka fi ƙarfinsa. Sai waɗansu 'yan sa kai suka riƙa zama da masu jiran ganinsa, suna ba su shayi, suna jin abin da ke damunsu. Abin mamaki, da yawa sukan tashi su tafi gida da sauƙi a zuciya ba su ma ga limamin ba. Ashe abin da suka zo nema wanda zai saurare su ne. Daga nan aka sami ƙungiyar da ake kira Samaritans, wato Samariyawa.

A 1990 wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe kansa a kurkukun Swansea, a yankin Wales na Birtaniya. Abin ya girgiza mutane ƙwarai. A 1991 ƙungiyar ta fara wani shiri a kurkukun nan: a zaɓi waɗansu daga cikin fursunonin kansu, a koya musu sauraro, a kira su Masu Sauraro. Idan ɗan kurkuku ya ji duniya ta yi masa ƙunci, ko da tsakar dare ne, yana iya roƙon a kawo masa Mai Sauraro. Ba ya yi masa wa'azi, ba ya yanke masa hukunci, ba ya kai zancen wurin wasu. 'Yan ƙungiyar kuma sukan shigo daga waje a kai a kai su zauna da Masu Sauraron, domin mai ɗaukar kayan wani shi ma yana bukatar inda zai sauke. Shirin ya bazu zuwa yawancin gidajen yarin Birtaniya da Ayalan. Ku lura, ba a gina sabon gini ba, ba a sayi injin ba. Kunne ne kawai da haƙuri.

Wani zai ce, ai wannan tausayi ne kurum, ba ya gyara hali. To, a jihar Minesota ta Amurka hukumar gidajen yari ta bi sawun fursunoni sama da 16,000 da aka saki tsakanin 2003 da 2007. Rahoton da ta fitar a 2011 ya nuna waɗanda aka riƙa ziyarta sun fi waɗanda ba a ziyarta ba tsira daga komawa: haɗarin sake kama su da babban laifi ya ragu da kashi 13 cikin ɗari, na karya sharuɗɗan saki kuma da kashi 25. Cikin ziyarce-ziyarcen da suka fi amfani har da ta malaman addini. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce. Zumunta a ƙafa take.

Mu koma ga Irmiya, gama akwai abin da mukan tsallake a aya ta 13. Da aka fito da shi daga rijiya, bai tafi gida ba. Ya ci gaba da zama a farfajiyar masu tsaro har ranar da birnin ya faɗi. Ya fita daga laka, amma bai fita daga hannun hukuma ba. Haka zaman wanda aka yi wa sakin talala yake. A 2019 aka sa hannu a kan sabuwar doka a Nijeriya wadda ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Dokar ta tanadi hukunce-hukuncen da ba na kulle ba, kamar aikin yi wa jama'a hidima, da sa mutum ƙarƙashin kulawar jami'i, da sakin talala, wato a saki wanda ya ci wani ɓangare na wa'adinsa ya kuma nuna halin kirki, ya ƙarasa sauran a gida bisa sharuɗɗa. In ya karya sharaɗi, ana iya maido shi. Mutum ne mai tafiya a gari da igiya a ƙafa, igiyar da shi kaɗai yake jin ta.

Mukan zaci ranar fita ita ce ƙarshen wahala. Sau da yawa ita ce farkon wata. A jihar Washinton ta Amurka likitoci sun bi bayan mutum sama da 30,000 da aka saki, suka buga sakamakon a 2007. Sun tarar a mako biyu na farko bayan fita, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran mutanen jihar fiye da sau 12, yawanci ta shan ƙwaya fiye da kima, da ciwon zuciya, da kisa, da kashe kai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da shekaru ana faɗa masa lokacin tashi da na kwanciya, yau an buɗe ƙofa an ce tafi. Ba kuɗin mota. Gonar wani ke noma ta, shagon an ba wani haya. Yaron da ya bari a goye ba ya gane shi. Ko akuya ce ta ɓata a unguwa, idon kowa a kansa. Su wa za su yi masa maraba da hannu biyu? Tsofaffin abokan da suka kai shi ciki. In ikkilisiya ta rufe ƙofa, su tasu a buɗe take.

To, me za mu yi? Ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. A 1813 wata mai bi, Elizabeth Fry, ta shiga kurkukun Newgate a Landan, ta tarar da mata da 'ya'yansu a cunkushe, ta koma da tufafi, daga baya ta tara mata suka riƙa ziyara, suka buɗe wa yaran makaranta. Charles Colson, mashawarcin shugaban Amurka Nixon, ya yi wata bakwai a ɗaure saboda rikicin Watergate, ya fito ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship a 1976, wadda take da reshe a Nijeriya. Ikkilisiyar da take so ta fara tana da waɗanda za ta koya daga wurinsu. Ga kuma 'yan shawarwari daga labarin Ebed-melek.

Na fari, ya nemi izinin sarki. Mu ma mu bi ta ƙofa. Mu ga shugaban gidan da limamin da ke kula da ɗaurarru, mu san ranar ziyara da abin da aka yarda a shiga da shi. Kada tausayi ya sa mu ɓoye waya ko kuɗi ko saƙo a aljihu. Wanda ya yi haka ya rufe wa 'yan'uwansa ƙofar duka. Mu gai da gandirobobi da ladabi, mu yi musu addu'a, gama su ma rabin ransu a bayan katangar nan suke yinsa.

Na biyu, bai tafi shi kaɗai ba. Mu tafi biyu biyu ko fiye, maza wurin maza, mata wurin mata. In mun dawo mu zauna tare mu yi addu'a, mu sauke abin da muka ji a gaban Ubangiji, ba a kasuwa ba.

Na uku, ya yi magana da na cikin rijiya kafin ya ja shi. Mu kuma mu koyi yin shiru. Kada tambayarmu ta fari ta zama, “Me ka yi?” Alƙali ya riga ya yi wannan. Mu tambaye shi, “Yaya barci? Wa kake tunani a gida?” In ya yi kuka, mu bar shi ya yi. Wa'azi yana da lokacinsa, amma wanda ba a saurare shi ba da wuya ya saurara. In muka ga ya daina cin abinci, ko yana rarraba 'yan kayansa, ko yana cewa mutuwa ta fi masa, kada mu ji tsoron tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce i, mu faɗa masa za mu nemo taimako, mu sanar da ma'aikacin lafiya na gidan tun ba mu fita ba.

Na huɗu, kada mu yi alkawarin da ba za mu cika ba. Mun san labarin Yusufu a kurkukun Masar, yadda ya roƙi mai shayar da Fir'auna ya tuna da shi, mutumin ya fita ya manta har shekara biyu. In mun ce za mu dawo ran Asabar, mu dawo, gama tun daga ran Lahadi yake ƙirgawa. Gara ziyara ɗaya kowane wata har shekara uku da buhun shinkafa da hoto ran Kirsimati kaɗai.

Na biyar, Ebed-melek baƙo ne, ba dangin Irmiya ba. Wanda muka tarar a ciki, Kirista ne ko Musulmi ko wanda ba ya bin kome, mu ba shi sabulun da kunnen daidai wa daida. Kada mu mai da sabulu kuɗin sayen tuba.

Na shida, mu je gidan da ya bari. Mu gai da matar, mu duba kuɗin makarantar yaran, mu zauna kusa da tsohuwar a coci. Ranar fita kuma wani ya tsaya a bakin ƙofa da riga mai tsabta da kuɗin mota. In sakin talala ne, mu san sharuɗɗan, mu tuna masa ranar zuwa wurin jami'i, mu raka shi in ya so. Mai garejin da ke cikinmu, da mai shagon ɗinki, da mai gona, wani ya ba shi wurin fara aiki.

Kada wani ya ji kamar mun manta da waɗanda aka cuta. Watakila cikin masu jinmu akwai wadda aka kashe wa miji, ko wanda aka yi wa fashi ya koma ba shi da kome. Ba mu ce laifi ba laifi ba ne, ba kuma ku muke aikawa kurkuku ba. Ku ma kuna cikin wata rijiya, ikkilisiya kuma tana da bashin ziyararku. Ƙauna ba ta hana hankali ba. Wanda aka ɗaure don cin amanar kuɗi, ba za mu damƙa masa baiko ran da ya fito ba. Wanda ya cuci yara, ba za mu sa shi kusa da yara ba, ko da ya tuba. Amma wurin zama a cikin sujada, da hannun gaisuwa, da kwanon tuwo, waɗannan ba ma hana kowa.

Ubangijinmu kansa an kama shi da dare, an yi masa shari'ar zalunci, almajiransa suka watse. A Matiyu sura 25 ya lissafa ziyarar ɗan kurkuku cikin abubuwan da zai tambaye mu a rana ta ƙarshe, ya kuma ce abin da aka yi wa irin waɗannan shi aka yi wa. Mutumin da ya yi wa alkawarin Firdausi a kan gicciye ɗan fashi ne da ake zartar wa hukunci. Ebed-melek ma Allah bai manta da shi ba. A sura 39 ya aika masa da saƙo ta bakin Irmiya cewa zai tsira da ransa ran da birnin zai faɗi, domin ya dogara ga Ubangiji.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke ciki, ku gafarce mu saboda jinkirinmu. Kafin mu iso, ku duba na kusa da ku. Wanda ya kwana uku bai yi magana ba, ku matsa kusa da shi ku tambaye shi lafiya. A makon nan muna roƙon kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suke ɗaure da waɗanda suka fito, dattawa su raba sunayen a tsakaninsu, a sa ranar tafiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai da ka ga bawanka Irmiya a cikin laka, ka dubi dukan ɗaurarru a daren nan. Ka ta'azantar da masu jiran shari'a, ka ba masu laifi tuba ta gaskiya, ka riƙe waɗanda suka fito kada su koma. Ka warkar da waɗanda aka cuta. Ka ba alƙalai da gandirobobi adalci da jinƙai. Ka gafarta mana mantuwarmu, ka ba mu ƙafar zuwa da kunnen ji. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.